Yadda Ake Tsara Hutun Mako Guda a Gida da Yaro Ɗan Shekara Biyu

Da yawa daga cikinmu mata masu aiki, ganin da muke yi wa 'ya'yanmu bai wuce na safe da na dare ba. Ƙarfe 7 kin fita yana kukan a ɗauke shi, ƙarfe 5 kin dawo a gajiye, ga girki, ga sallar magariba, kafin a idar da isha'i ya ɓingire. Duk abin da ya faru a tsakani labari ne kike ji daga bakin mai raino ko kakarsa: ya ci, ya yi barci, bai yi rigima ba. Da ɗana ya cika shekara 2 da wata 2 na ɗauki hutun mako guda takanas dominsa. Tsarin da na bi shi ne zan zayyana, tare da abin da zan gyara idan zan sake. Da uwa nake magana domin halinta na fi sani, amma uban da ya samu irin wannan hutu, kusan komai a nan ya shafe shi.

Tun kafin hutun ya zo

Ki fara da takardar neman hutu, ki miƙa ta da wuri, wata guda kafin lokacin idan da hali. Hutun shekara haƙƙinki ne, ba alfarma ake yi miki ba. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ba ma'aikacin da ya yi wata 12 yana aiki a jere hutun da bai gaza ranakun aiki 6 ba da cikakken albashi, kuma wurare da yawa, musamman aikin gwamnati, suna ba da fiye da haka. Ki duba takardar ɗaukarki aiki ki ga abin da aka rubuta. Idan kika nemi Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadin gaba da baya sun shigo, kin tashi da kwana 9.

Zaɓen makon ma aiki ne. Kada ya faɗa makon bikin ƙanwarki, ko jajibirin Sallah, ko lokacin da surukarki za ta zo daga ƙauye ganin likita. Irin wannan mako na jama'a ne, yaron zai ƙare a bayan wata kamar yadda ya saba. Ranar Juma'ar ƙarshe a ofis ki rubuta wa wanda zai riƙe miki aiki komai dalla-dalla, ki gaya wa oga cewa za ki riƙa duba waya sau ɗaya a rana, misali bayan azahar, sannan ki kashe ƙarar zauren WhatsApp na wurin aiki. Idan ba ki yi haka ba, jikinki ne kawai zai zauna a gida.

Sai babban mataki, wanda a wajena shi ne ƙashin bayan makon: ki zaɓi abu guda ɗaya tak da kike so ki cim ma tare da yaron. Da zarar an ce hutu, zuciya za ta jero miki wankin labule, kitso da lalle, kai ɗinki wajen tela, shiga kasuwa, gaishe-gaishen da suka taru tun bara. Taura biyu ba ta taunuwa. Ko dai yaye, ko koyon zama a fo, ko gyara lokacin barci, ko raba shi da kallon waya. Ɗaya. Yaye da fo kuwa kada ki kuskura ki haɗa su a mako guda, domin kowanne sauyi ne babba a rayuwar ɗan ƙaramin mutum, idan suka haɗu sai ya rikice, ke ma ki rikice. Ni fo na zaɓa, saboda an riga an yaye shi, kuma kuɗin famfas ya fara yi mana nauyi.

Ranar Asabar ki zauna da mai rainon ki yi mata tambayoyi kamar ɗaliba. Ƙarfe nawa yake barcin rana? A goye ko a kwance? Me yake ci ba tare da an yi fama ba? Wace kalma yake faɗi idan yana jin ƙishi? Kada ki ji nauyin cewa ke uwa kina tambayar wata halin ɗanki, ita ce take tare da shi awa 9 ko 10 kullum. Daga nan ki ba ta hutun kwana 4 ta je ta ga iyayenta, ba tare da kin taɓa albashinta ba, ku yi alkawarin ta dawo ranar Juma'a. Dalilin Juma'ar yana nan tafe.

Ranar Lahadi ta kicin ce. Ki soya miyar dage-dage mai yawa, ki gyara wake, ki kai niƙan garin kunu na gero da waken soya da gyaɗa wanda zai kai ku mako. Inda wuta ba ta zama, ki dogara da busassun kaya: kuka, kuɓewa busasshiya, garin ɗanwake, zogale busasshe. Duk awar da kika rage a gaban murhu ta yaron ce.

Da yamma kuma ki durƙusa, ki bi gidan da rarrafe, ɗaki-ɗaki, ki ga abin da idonsa yake gani. Haka na yi na tarar da robar lemo cike da kalanzir a ƙarƙashin kantar kicin, daidai tsayin hannunsa, murfin ma bai ɗauru ba. Kullum ina wuce ta a tsaye ban taɓa lura ba. Ki ɗaga kalanzir, fiya-fiya, maganin ɓera, bilic da ƙwayoyin maganin manya zuwa sama, ko ki kulle su. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha kalanzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin wajen dawowa yana iya shiga huhu. Asibiti za a nufa kai tsaye, a tafi da robar. Bokiti da baho a kife su ko a rufe, ruwan rabin bokiti ya isa ya halaka yaron da ya leƙa ya faɗa da kai. Rijiya a sa mata murfi mai kwaɗo. Gyaɗa, aya, gugguru, alewa mai tauri, ƙwallon dabino da ƙananan batiran agogo duk su yi nesa da shi.

Litinin: kallo kawai

Ranar farko kada ki sauya komai. Ki bar famfas a jikinsa, ki bi tsarin da mai raino ta faɗa miki, ki ajiye takarda da biro a kan firji ko taga. Ki rubuta lokacin da ya tashi, lokacin da ya ci, lokacin da ya yi tutu, tsawon lokacin da famfas yake zama a bushe, da lokacin da rigima take tashi. Takardar nan ita za ta jagorance ki sauran kwanakin. A tawa na ga yana tutu kamar minti 20 bayan kunun safe, kuma kafin ya yi sai ya je bayan kujera ya tsuguna ya yi shiru. Na kuma gane rigimar ƙarfe 11 da ake ce min halinsa ce, yunwa ce kawai, domin tsakanin kunun ƙarfe 7 da abincin rana babu abin da yake shiga cikinsa.

Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar da yawa a zama ɗaya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ɗan wata 12 zuwa 23 ita ce abinci sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani, wanda ya haura shekara 2 ma bai kamata ya gaza haka ba. A aikace: kunu da ƙosai ko dafaffen ƙwai da safe, ayaba ko gwanda da hantsi, faten wake ko faten dankali da alayyafo da rana, awara ko alala bayan ya tashi barci, tuwo mai laushi da miyar kuka da dare. Ki zuba masa a kwanonsa daban domin ki san iya abin da ya ci, ki bar shi ya ci da hannunsa ko da zai ɓata riga. Ɗura kuwa, wadda ake danne yaro a toshe masa hanci, a bar ta gaba ɗaya. Tana iya tura abinci hanyar numfashi, kuma tana sa yaro ya tsani kwano.

Kada ki yi mamaki idan a ranar nan ya manne miki kamar ƙaska, ko banɗaki bai bar ki ki shiga ba. Bai saba ganinki da hantsi ba, yana tsoron ki ɓace ne. Zuwa Laraba zai saki jiki.

Talata zuwa Alhamis: aikin fo

Iyayenmu ba su san wannan a matsayin aikin mako guda ba. Tun jariri yana wata kaɗan uwa take miƙe ƙafafu ta zaunar da shi a tsakanin idon sawunta, har jikinsa ya saba da lokaci. Mu da muke fita aiki famfas ya raba mu da wannan dabara, shi ya sa sai mun ware kwanaki.

Kafin ki fara ki tabbata ya shirya. Alamomin su ne famfas yana zama a bushe kamar awa 2, yana nuna miki ko yana jan famfas idan ya ɓata, yana fahimtar ƙaramin umarni irin «kawo takalminka», kuma yana iya zama ya tashi da kansa. Yawancin yara suna kaiwa nan tsakanin shekara 1 da rabi zuwa 3. Idan takardarki ta Litinin ba ta nuna alamun ba, ki sauya manufar makon, babu abin kunya.

Kayan aiki kaɗan ne: fo mai faɗin gindi wanda ba ya tuntsurewa, ƙananan wanduna na auduga kamar 10, ledar shimfiɗa a kan katifa, ƙaramar buta da sabulu. Ki naɗe kafet ɗin falo ki jingine, ki ɗauke dardumar salla zuwa sama, ki ware zanin da za ki riƙa salla da shi, tunda fitsarin yaron da yake cin abinci najasa ne da sai an wanke.

Talata da safe, yana tashi, ki cire famfas ki ce masa yau wando zai sa irin na Baba. Ki zaunar da shi a fo nan take, domin mafitsara a cike take bayan barci. Daga nan lokutan zama su ne bayan kowane abinci da minti 15 zuwa 20, kafin barcin rana, da ya farka, kafin barcin dare, sannan duk bayan awa 1 da rabi zuwa 2 a tsakani. Kowane zama kada ya wuce minti 5. Ki tsuguna kusa da shi kina yi masa hira ko waƙa, kada ki ba shi waya don ya zauna, hankalinsa zai bar jikinsa ya koma kan allo. Ki riƙe kalma ɗaya ga kowanne, fitsari da tutu, kowa a gidan ya yi amfani da ita. Ki yawaita ba shi ruwa da kankana a ranar, domin damar gwaji ta yawaita.

Ranar farko ki sa ran wanki. Mu wando 7 muka jiƙa kafin la'asar. Idan ya saki a ƙasa, ki ce masa a hankali «fitsari a fo ake yi», ki kai shi ya zauna ko da ya gama, ki goge wurin ba tare da tsaki ba. Duka da tsawa a nan ɓarna suke yi: yaron da aka daka saboda tutu yakan koma riƙewa, cikinsa ya ɗaure, fitar ta yi masa zafi, sai ya ƙara jin tsoron fo. Idan baƙuwa ko kaka ta ce ai ɗan wance tun yana shekara 1 ya daina, ki amsa da «to, Allah ya raya», ki ci gaba da abinki.

Nasararmu ta farko ta zo ne Laraba da hantsi. Yana wasa da murafen tukwane sai ya tsaya cak, ya dube ni, ya kama gaban wandonsa. Na ɗauke shi da sauri na zaunar. Da ya ji ƙarar fitsarin a cikin roba sai ya sunkuya yana kallo, ya ɗago yana dariya. Na tafa masa, muka ɗauki fo tare muka kai masai muka zubar, shi ya riƙe butar. Yabon ya isa haka: tafi, runguma, da gaya wa babansa a gabansa idan ya dawo. Ban ga amfanin alewa ba, yaro zai koma zama don alewar.

Kowane zama ya ƙare da tsarki da wanke hannu da sabulu, naki da nasa. Yarinya a wanke mata daga gaba zuwa baya, domin kada ƙazanta ta shiga hanyar fitsari. Tutun yaro yana ɗauke da cuta kamar na babba, saboda haka a zubar a masai nan take, a wanke fo da sabulu, kada a bar shi a tsakar gida ƙudaje su sauka. Da dare kuma ki mayar masa da famfas. Daina fitsarin kwance abu ne da jiki yake kaiwa da kansa, wani sai shekara 4 ko 5, ba a koyar da shi a mako guda.

Idan Alhamis ta yi yana ƙanƙamewa yana ihu da ya ga fo, ko ya kwana 2 yana riƙe tutu, ki dakata. Ki ajiye fo inda yake ganinsa, a sake gwadawa bayan wata 1 ko 2.

Sauran awannin yini

Fo ba zai cinye ranar duka ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a warwatse cikin yini, da barcin awa 11 zuwa 14 har da na rana. Ɗan shekara 1 ba a so ya yi kallon allo sam, ɗan shekara 2 kuma kada ya wuce awa 1. Ba sai kin sayi kayan wasa ba. Da sanyin safiya ku fita tsakar gida da kofuna biyu da ɗan ruwa a kwano, kina zaune a gefensa, ya yi ta juyawa daga wannan zuwa wancan. Ɗana ya yi kusan rabin awa a kan wannan, yana cije leɓe kamar mai auna magani. Ku yi ɓuya a bayan labule, ku jera murafe daga babba zuwa ƙarami, ki ba shi tsumma ya taya ki goge tebur. Da la'asar sakaliya ku zaga unguwa a ƙafa, kina kiran sunan duk abin da ya nuna: akuya, babur, mai ruwa, masallaci. Da Hausa za ki yi masa, cikakkiyar jimla, ki jira ya amsa ko da gwaranci ne. Da dare bayan an shiga gidan sauro, gajeriyar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, sai addu'ar barci. Ko kullum ita ce dai, yara suna son maimaici.

Rigima za ta zo, har da birgima a ƙasa saboda kin ɓare ayabar da yake so ya ɓare da kansa. Ki fara duba yunwa da barci. Idan ba su ba ne, ki kawar da abin da zai buge, ki zauna kusa, ki yi shiru har ta wuce, sannan ki ɗauke shi. Abin da kika hana kafin kukan kada ki bayar saboda kukan. Idan kika ji ranki ya kai wuya, ki ajiye shi inda babu haɗari, ki fita ƙofar ɗaki ki sha ruwa, ki dawo.

Idan ya yi barcin rana, ke ma ki kwanta, aƙalla kwana 3 cikin 5. Wanke-wanke zai jira. Maigida kuma a ba shi aiki sananne, ba «taimako» a dunƙule ba: wankan yamma da zaman fo na ƙarshe nasa ne kullum, ke kuma ki samu awa guda taki.

Safiya ɗaya ki ware ta don asibitin unguwa, bayan kin tambayi ranar da suke rigakafi da awo. Ki ɗauki katinsa a duba. Allurar ƙyanda ta biyu da ake yi a wata 15 tana yawan kuɓuce wa iyaye, domin da an yi ta wata 9 sai a ɗauka an gama. Ki tambayi ɗigon bitamin A da ake bayarwa duk wata 6 har yaro ya kai shekara 5, da maganin tsutsar ciki, a auna nauyinsa da damtsensa. A hanyar dawowa ki sayi gishirin ORS da ƙwayar zinc ki ajiye saboda gudawa. Idan ba a yi masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba, ki tambaya a nan, galibi za a nuna miki inda ake yi. Don wannan fitar ki sa masa famfas a kan wando, ki zaunar da shi a fo kafin ku fita da kuma da kun dawo.

Juma'a zuwa safiyar Litinin

Kuskuren da na yi shi ne ban shirya komawa aiki da kyau ba, shi ya sa na ce mai raino ta dawo Juma'a. Ku yi yinin tare. Ta ga yadda kike zaunar da shi, kalmar da kike faɗi, da yadda kike yi idan ya saki a wando. Ki faɗa mata a fili cewa ba duka, ba tsawa, kuma ba za ki yi mata faɗa a kan yawan wanki ba, domin tsoron faɗanki ne zai sa ta mayar masa da famfas da kin juya baya. Idan gidan raino yake zuwa, ki je ki yi wannan bayanin da bakinki, ki kai wanduna 5 da leda a jakarsa. Ki kwafe lokutan abinci, barci da fo a takarda mai tsabta ki manna a bango.

Asabar ki fita na awa 2 ki bar su, Lahadi ki ƙara ya kai 3 ko 4. A nan ne za ki yi kitsonki da gaisuwar da kika ɗage. Lahadi da dare a koma kwanciya a lokacin ranakun aiki.

Litinin ki tashi minti 20 kafin lokacin da kika saba, domin zaman fo na farko ya kasance da ke. Idan kin shirya kada ki sulale yana wasa, yaron da aka sulale masa yini yake yana gadin ƙofa. Ki durƙusa daidai tsayinsa ki ce, «Umma za ta tafi aiki, zan dawo bayan la'asar, idan ka tashi barci ka ci awara.» Zai yi kuka, ki miƙa shi ga mai raino ki fita ba tare da kin koma ba. A kwanakin farko yana iya jiƙa wando fiye da yadda ya yi ranar Alhamis, wannan ba ya nufin aikin ya rushe, a ci gaba da bin takardar bango. Ki kira sau ɗaya bayan azahar ki tambayi abu uku: me ya ci, ƙarfe nawa ya kwanta, sau nawa ya zauna a fo.